Gaisuwa a Bakin Tanderu

"Ba zan yi miki dole ba," in ji Umma, ko ɗago kai ba ta yi ba daga keken ɗinki. "Ki auri mai kemis, ki auri mai facin taya, ki auri mai gyaran agogo in shi ranki yake so. Amma mai gashin burodi, wannan kam sai bayan raina."

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinta. Na gyara zaman tabarau ɗina, ko da yake bai karkace ba.

"Umma, ko ganinsa fa ba ki taɓa yi ba."

"Na gan shi. Na aure shi. Na yi masa takaba." Ta ja zare ta tsinke da haƙori. "Duk mutum ɗaya ne, fuska ce kawai take sauyawa."

Abbana take nufi, Allah ya jiƙansa. Mai gashi ne a tsohuwar unguwar masu burodi, can cikin gari, inda ake cewa tun zamanin kakanni wuta ba ta taɓa mutuwa ba. Ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa ina ƙarama. Umma ta kwaso ni da keken ɗinkinta muka dawo bayan gari, kuma tun daga ranar burodi bai sake shiga gidanmu ba. Shayi zalla na tashi ina sha. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ni ba mai tambaya ba ce, in abu ya dame ni littafi nake buɗewa.

A shagon littattafai ma nake aiki. Bara ne wata rana na rufe da wuri, na tafi tsohuwar unguwar ni kaɗai, don kawai in ga tanderun da Abba ya ƙare rayuwarsa a gabansa. Na same shi. Na kuma sami wanda yake riƙe da shi yanzu, wani dogon saurayi da fulawa ta mayar da gashin kansa da girarsa fari fat, har 'yan unguwa suke kiransa Furfura. Na je neman uba, na dawo da abin da ban je nema ba.

Muna cikin haka Kawu ya yi sallama. Yayan Umma ne, kuma ba ya rabo da 'yar jakar magungunansa ta hawan jini.

"To, an shawo kanta?" ya tambayi Umma, kamar ba na wurin.

"Ga ta nan, tambaye ta."

Ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya yi nishi.

"Auta, yaron nan mai kemis me ya rasa? Shago da fanka, farar riga, tafin hannu ba kanta. Ko jiya sai da ya zaunar da ni ya auna mini jini, har da ba ni ruwan sanyi."

"Yaya," in ji Umma, "yarinyar ake nema wa miji ko jininka?"

"Duka biyun, in Allah ya haɗa."

Mai kemis ba mugu ba ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. In ya zo zance sai ya leƙa idona ya ce jinina ya yi ƙasa, in riƙa cin ganye. Ya taɓa kawo mini kwalbar maganin ƙarin jini, ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Na yi godiya. Zuciyata kuwa ko gezau.

Kawu ya dafa gwiwa ya miƙe. "Da la'asar zai zo jin amsa. Na gaji da ce wa ɗan mutane gobe."

Bayan fitarsa keken ya ci gaba da ƙara. Ban san lokacin da na durƙusa na riƙe ƙafar Umma da take taka shi da ita ba. Keken ya tsaya.

"Umma, ki gaya mini abin da Abba ya yi miki. Dukanki yake yi?"

"Ko yatsa bai taɓa nuna mini ba."

"Da yunwa yake barinki?"

"A gidan mai burodi?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kin san me ya sa ake ce miki Auta?"

"Don ni kaɗai ce."

"Ba ke ce auta ba."

Na saki ƙafarta.

"Kina tatata na samu ciki. Ranar da naƙuda ta tashi da hantsi ne, sai na ga jini. Na aika maƙwabciya ta kira shi. Tsakanin ɗakina da tanderun katanga ɗaya ce, Auta, ina kwance ina jin ɗuminta a bayana. Ya ce a ce mini ya riga ya rufe ƙofa, burodin mutane na ciki, da ya kwashe yana tafe. Na sake aikawa. Ya ce saura kaɗan."

"Sai me?"

"Sai ya kwashe. Ko ɗaya bai ƙone ba. Kafin a nemo mota mu isa asibiti ƙaninki ya koma."

Hawaye suka cika mini tabarau. Na cire na riƙe a hannu, fuskar Umma ta zama dishi-dishi, sai muryarta kawai.

"Bai ji zafi ba?" na tambaya.

"Ya yi kuka kamar ransa zai fita. Washegari da asuba ya hura wuta." Ta goge ido da gefen rigar da take ɗinkawa, abin da ba ta taɓa yi da kayan mutane ba. "Ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da tuni na yafe na manta. Haka aka koya musu. In aka rufe ƙofar tanderu, mai gashi ba shi da mata, ba shi da uwa, ba shi da ɗa. Hanci ne kawai a tsaye."

"Furfura ba haka yake ba, Umma."

"Haka na ce wa tawa uwar."

"Wallahi yana da tausayi. In na yi tari sai ya..."

"Abbanki ma yana da tausayi, in ƙofa a buɗe take."

Na kifa kai a cinyarta na yi kuka mai isata. Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma ture ni ba. Da na tsagaita sai ta leƙa tsakar gida ta dubi inuwar katanga, ta jawo zane ta lulluɓe keken.

"Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Gaisuwa. Zan je in gaishe shi bayan ya rufe ƙofa. In ya tsaya ya amsa mini har na sallame shi, ki ce ban san mutane ba. In ya juya mini baya, kin cire shi daga ranki ke nan. Mai kemis kuma wannan ruwanki, ki so shi ko ki bar shi. Kin yarda?"

A littattafai yarinya takan sami magana mai nauyi ta faɗa a irin wannan wuri. Ni kai kawai na ɗaga.

Umma ta miƙo hannu.

"Kawo wayarki."

* * *

Mota ba ta shiga tsohuwar unguwa, lungunan sun yi mata kaɗan. A bakin babbar hanya muka sauka, kuma tun daga nan ƙamshi yake zuwa ya tari mutum.

Katangun unguwar baƙaƙe ne daga sama saboda hayaƙi, daga ƙasa kuma sun yi sulɓi saboda kafaɗun masu wucewa. Ko'ina itace ne a jibge. In kana son sanin inda tanderu yake ba sai ka tambaya ba, duba bangon da kyanwoyi suke kwance a jikinsa. Muka tarar da wasu baƙi sun tare hanya suna ɗaukar hoton wata tsohuwar ƙofa, mai yi musu jagora yana ta bayani da hannu. Umma ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta kalli kowa ba.

Ba ta tambayi hanya ba. Akwai wani dutse da ya ɗago a tsakiyar lungu, wanda duk zuwana sai na yi tuntuɓe da shi. Umma ta tsallake shi idonta a gaba. Ni na yi tuntuɓen.

Gashi biyu ake yi a unguwar. Na asuba na sayarwa ne. Na hantsi kuwa na mutanen gida ne: kowace mata ta kwaɓa nata, ta jera a faranti, ta rufe da ƙyalle ta kawo. Kowane gida da alamarsa a bayan kwaɓin, wani tsaga ɗaya da wuƙa, wani biyu, wani dangwalen yatsa, don kada a haɗa. Tanderun ba agogo, ba ma'auni. Hancin mai gashi ne kaɗai yake sanin lokacin kwashewa. Shi ya sa duk unguwar, yaro da babba, an san in ƙofar ƙarfe ta rufe ba a yi masa magana. Hannu ake ɗagawa a wuce.

Muka fara cin karo da mata suna komawa gida, kai ba kaya, gammo a hannu. Umma ta rage sauri.

"Bari ya gama zubawa," ta ce.

Muka tsaya a jikin bango kusa da wata baƙar kyanwa. Can sai muka ji ƙarar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

"Yanzu," in ji Umma.

Ɗakin gashin yana nan yadda na san shi, duhu-duhu, rufinsa baƙi ƙirin. Ga farantan mutane a jere ba komai a kansu. Ga dogon shebur ɗin katako da ake zura burodi da shi, a jingine. Ga 'yar ƙofar ƙarfen a jikin bango, a rufe. Furfura yana tsaye a gabanta, bayansa gare mu, tawul a kafaɗa.

Umma ta yi sallama, cikakkiya, har ƙarshenta.

Ya juyo da hannu a ɗage, irin yadda suke amsa wa mai wucewa. Sai ya gan ni. Sai ya ga wadda take gabana. Ban taɓa nuna masa hotonta ba, amma kowa ya ce kamarmu ɗaya. Hannun ya sauka a hankali.

Ya amsa sallamar, ya kakkaɓe benci da tawul. Umma ta jawo bencin har bakin ƙofar shigowa, nesa da wuta, sannan ta zauna. Ba shi da yadda zai gaishe ta sai ya ba tanderun baya. Ya zo ya durƙusa.

"Ina kwana, Umma."

"Lafiya lau. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya fama da zafi?"

"Mun saba, Umma."

"Ya mai jiki? Na ji an ce ƙafa ta matsa wa Innarka."

"Da sauƙi."

"Wace ƙafar?"

Ya ɗan ɗago. "Ta dama."

"Da can ta hagu ce."

"Ta hagun ma tana taɓawa."

"Allah ya sawwaƙe. Me take shafawa?"

A hankali take maganar, kamar mai karanta wa yaro littafi. Daga ƙafar Inna ta koma kan babansa, wanda ya karɓi tanderun bayan Abbana. Ta yi masa ta'aziyyar da aka daɗe da sharewa. Ta tambayi yayyensa mata ɗaya bayan ɗaya, da inda kowace take aure, da sana'ar mijin, da ko an yaye na goye.

Furfura ya taɓa koya mini cewa ƙamshin burodi hawa uku ne. Na farko tsami-tsami, kwaɓi yana tashi. Na biyu zaƙi-zaƙi, ɓawo ya fara ja. Na uku kamar gyaɗa a kasko, shi ne burodi yake cewa a kwashe shi. Bayan wannan babu sauran ƙamshi, sai ƙauri.

Muna kan mijin yayarsa ta biyu na ji zaƙi-zaƙin ya cika ɗakin.

Na dube shi. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Gumi ya yi hanya a cikin fulawar goshinsa. Yatsun ƙafarsa sun danƙe ƙasa kamar mai shirin gudu.

"Umma," na ce, "ko mu bari ya..."

"Da ke nake?"

Ta sake juyawa gare shi.

"Ita ta ukun fa, an ce tagwaye ta haifa?"

"Ɗaya ne, Umma. Ƙato ne dai."

Sai ƙamshin gyaɗa ya taso.

Kansa ya ɗan motsa zai waiga, kamar an ja shi da zare. Na rufe ido. Na ce shi ke nan, da ni da shi sai a mafarki. Na jira in ji takun ƙafarsa da ƙarar ƙofar ƙarfe.

Ban ji ba. Da na buɗe ido yana nan a durƙushe, ya haɗe hannuwansa biyu a kan gwiwa ya matse su har jijiyoyi sun fito.

Sai na lura da Umma. Nata hancin ma yana motsi. Yatsunta suna ƙwanƙwasa gwiwarta.

"Ya aiki?" ta ce.

Ta riga ta tambaya. Ya sake amsawa, "Da godiya."

Ta buɗe baki za ta kawo wata tambayar, ba ta samu ba. Ta kalli ƙofar ƙarfen ta saman kansa.

"Kai, ba ka jin komai ne?"

"Ina ji, Umma."

"To?"

"Ba ki sallame ni ba."

Wani siririn hayaƙi ya fara fitowa ta gefen ƙofar.

* * *

Umma ce ta tashi.

Ban taɓa ganinta da irin wannan sauri ba. Ta yaye mayafi ta ɗaure ƙugu da shi, ta fizge tawul daga kafaɗarsa, ta naɗe hannu ta buɗe ƙofar. Zafi ya bugo har inda nake. Ta suri dogon shebur ɗin kamar jiya ta jingine shi.

"Har yanzu ƙuryar hagu ce mai cin burodi?"

"Har yanzu."

"To tashi ka jera farantai, ka zauna kana kallona kamar gunki. Ke kuma buɗe taga."

Ta zura shebur can ƙurya, ta karkaɗa wuyan hannu, ta jawo. Kafin ta sauke ya tara faranti. Tana kwasowa yana duba alama yana rarrabawa, ba wanda ya ce wa wani matsa. Ni dai na buɗe tagar, na tsaya a jikinta ina share tabarau, don ban san abin da zan taɓa in ban ɓata ba.

Da aka gama Umma ta jingine shebur tana haki. Na gaba-gaba sun tsira. Na tsakiya sun yi duhu. Na ƙuryar hagu kuwa gawayi sak.

Ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta juya shi. Ko a cikin baƙin ana ganin dangwale uku a bayansa.

"Yatsa uku," ta ce. "Tsohuwar nan tana raye?"

"Tana raye, ga ta ma a bayanki."

Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, dogare da sanda. Ta ce ƙauri ta biyo, don tun da take a unguwar ba ta taɓa jinsa daga wannan tanderun ba. Ta matso ta ƙanƙance ido a fuskar Umma.

"Amarya? Ke ce?"

Umma da furfurarta, ta gaskiya, ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Gwaggo."

"Kin tafi ba sallama, kin dawo kin ƙona mini burodi."

"Ba ni ba ce. Ga shi nan."

"Ni ne, Gwaggo," in ji Furfura. "Ki yi haƙuri. Zan bi gida gida in ba da haƙuri, in sake kwaɓa wa kowa nasa."

"Ka sake wa masu haƙori. Ni da ƙonanne da ɗanye duk a shayi nake jiƙawa." Ta tattara nata a ƙyalle. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi Furfura, ta dubi Umma. "Af, ashe abin da ake gasawa ke nan." Ta juya ta fita tana dogara sandarta.

Umma ta juya ga Furfura.

"Ka san abin da ya kawo ni?" in ji Umma.

"Ban sani ba sai da kika tambayi ƙafar Inna, wace ce a ciki."

"Ita ce ta tsegunta maka?" Ta nuna ni da haɓa.

"A'a. A unguwar nan in ana koya wa mutum gashi, da mijinki ake misali. Ana cewa har ya koma ga Allah bai ƙona ko ɗaya ba." Ya yi ƙasa da murya. "Innata ce kawai in ta ji sai ta ce, a je a tambayi matarsa abin da ya ƙone a madadin burodin."

Umma ta juya mana baya. Kafaɗunta suka ɗan girgiza. Na matsa zan taɓa ta.

"Hayaƙi ne," ta ce. "Kauce."

Ta kwance mayafin daga ƙugunta ta kakkaɓe, sannan ta juyo. Idonta ya yi ja, amma muryarta ta dawo daidai.

"Yau gaisuwa ce, kuma ka san ina kallonka. Ran da ba mai kallo fa? Ran da aike ne kawai ya zo ta bayan katanga?"

Na so ya yi rantsuwa. Na so ya faɗi irin maganar da samarin littafi suke faɗa, ta rana da wata da taurari. Sai ya tsaya yana kallon baƙin burodin da ke faranti.

"Ban san gobe ba, Umma, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani shi ne yau na ji ƙauri a tanderuna, kuma ga ni a tsaye. Da can ina tsammanin mutuwa ake yi."

Umma ta zaɓi wanda ya fi kowanne baƙi ta naɗe a gefen mayafinta.

"Mai gashin da zai durƙusa burodin mutane yana ƙonewa," ta ce. "Allah ya kyauta. Ke, wuce mu tafi."

Ya dube ni, na dube shi. Ba wanda ya san ko ci muka yi ko faɗuwa.

* * *

Muka hau mota. Burodin yana kan cinyar Umma, baƙinsa yana ɓata mata mayafi. Da muka isa gida ta shige ɗaki da shi ta turo ƙofa. Ban ji ƙarar keke ba. Na zauna a tsakar gida da littafi a buɗe, shafi ɗaya nake kallo har inuwa ta juya.

Da la'asar Kawu ya shigo, mai kemis yana biye da shi cikin farar riga. Na kawo kujeru. Kafin a gama gaisawa mai kemis ya naɗa wa Kawu abin awon jini a damtse yana matsawa.

"Ya hau kaɗan, Kawu. Ka rage tunani."

"Yau dai zan rage. Auta, kira uwarki."

Ban kai ga tashi ba ƙofar ta buɗe. Umma ta fito da faranti, a kansa ga burodin ga wuƙa.

"Ɗora shayi," ta ce mini.

Kawu ya bi farantin da ido. Shi ya san shekarun da aka yi wannan abin bai ƙetare zauren gidan nan ba.

Na kawo shayin. Umma ta zauna a tabarma ta shiga kankare baƙin da wuƙa, a hankali, ƙurar gawayi tana zuba a faranti. Ta yanka. Can tsakiya da ɗan fari ya rage. Ta tsoma a shayi ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

Mai kemis ya gyara murya.

"Umma, ki yi haƙuri, amma ƙonannen abinci ba shi da kyau ga lafiya."

"Na sani, ɗana," ta ce. "Na daɗe ina cin wanda bai taɓa ƙonewa ba. Na kuma san abin da ya yi mini."

Bai gane ba. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa.

Umma ta ajiye kofi, ta dubi mai kemis. "Ka yi mana mutunci, kuma ba mu ga aibunka ba. Amma yarinyar nan ba rabonka ba ce. Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ta."

Mai kemis ya kwance abin awon daga hannun Kawu, ya naɗe shi tsaf ya saka a jaka. Ya ce amin, ya ce ba komai, ya kuma ce wa Kawu kada ya fasa shan ƙwayar safe. Har ga Allah ya ba ni tausayi. Kawu ya raka shi yana ta ba shi haƙuri, ina jin muryarsa daga zaure yana tambaya ko zai iya ci gaba da leƙowa awon jini.

Ya rage daga ni sai Umma. Na durƙusa a gabanta, sai hawaye.

Ta yanki wani ɗan farin ta tura mini, ta zaro wayata daga ƙullin zanenta ta ɗora a tabarma.

"Cire tabarau ɗin in kuka za ki yi, kin ishe ni da goge-goge. Ki gaya wa mai furfurar ƙaryar nan ya turo manyansa."

Na kai hannu ga wayar. Ta dafe ta.

"Amma ban da hantsi. Da hantsi akwai burodin mutane a wuta."